Tafintan Batangas da 'Yar Don Anastacio

Ranar da aka buɗe sabuwar makarantar San Roque, Ba'amurken da ke kula da makarantun lardin Batangas, a ƙasar Filipinawa, ya hau dandamali yana jawabi da Turanci, gumi na tsiyaya daga wuyansa. A gefensa Evaristo Malabanan ne tsaye cikin farar kwat, yana mayar da maganar zuwa Tagalog, harshen mutanen garin.

Baturen ya ce sun ƙetaro teku ne domin su koya wa mutanen ƙasar nan zama mutane. Evaristo ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Ya ce ya ji daɗin ganinku, kuma yana yi wa 'ya'yanku fatan alheri."

Jama'a suka tafa. Wata budurwa a layin sababbin malamai ba ta tafa ba, sai dai ta kafe shi da ido har sai da ya manta jimlar da ke biye.

Da taro ya watse ta tare shi a gindin mangwaro.

"Ba abin da ya faɗa ke nan ba, Tafinta."

"Kina jin Turanci ashe."

"Ina ji. Ina jin ƙarya ma, ko da wane yare aka yi ta."

"Da na faɗa yadda ya faɗa, da wani ya jefe shi, da kuma an kwashe mazan garin nan kafin azahar. Wanne kika fi so?"

Ta juya za ta tafi. Shi kuwa ya cire hula ya tambayi sunanta. Marcelina Magsino, in ji ta, amma Celing ake ce mata. Da jin sunan gidan sai gabansa ya faɗi.

Evaristo, wanda na kusa ke ce wa Istoy, lauya ne kuma masani. Ya yi karatu a Manila da Madrid, ya dawo yana bin ƙauyuka yana tattara tsofaffin kalmomin Tagalog daga bakin tsofaffi. Amma abin da garinmu ya riƙe game da shi ɗaya ne: lokacin yaƙi, da Amurkawa suka tattara mutanen Batangas cikin sansani, shi ne ya yi musu tafinta, bayan yaƙi kuma suka ba shi kujera a majalisar lardi. A cikin wannan sansanin Nanding, yayan Celing, ya mutu.

Duk da haka zuciya ta ƙi ji. Sai ga Istoy kullum a makaranta, wai ya zo duba rufi. Ya duba rufin nan har malamai suka fara tambayarsa ko zai auri kwanon ne. Tiya Ambrosia, ƙanwar mahaifin Celing wadda ta raine ta tun rasuwar uwarta, ita ce ke shigar mata da saƙonsa cikin kwandon cefane.

"Celing tawa," ya rubuta mata, "yau wata tsohuwa a garin Taal ta ba ni kalmar da babu ita a kowane littafi. Tana nufin ƙamshin ƙasa kafin ruwa ya sauko. Na so a ce kina kusa in faɗa miki ita a kunne."

Ta mayar masa: "Tafinta, ka ajiye ta sai mun haɗu bayan coci. Kuma kada ka gyara ta yadda kake gyara maganar Turawanka."

Labari bai daɗe ba ya kai kunnen Don Anastacio, mahaifin Celing. Istoy bai jira a kira shi ba, ya hau matakalar gidan da kansa ranar Lahadi. Tsohon ya bar shi tsaye, bai ce ya zauna ba. Celing na bayan labule, hannunta a kan ƙirji.

"Tambaya ɗaya zan yi maka," in ji Don Anastacio. "Ranar da zazzaɓi ya kashe ɗana a sansani, kana ina?"

"Ina cikin sansanin, Don Anastacio. Ina ofishin kyaftin."

"Kana cin abincin gwangwani."

"Ina ci. Ina kuma roƙon shinkafa da magani. Wata rana a ba ni, wata rana a kore ni. Mahaifiyata ma a can ta rasu, a layi na bayan naku. Ban zo in ce maka hannuna fari ne ba. Na zo ne in ce ina son Celing."

"Sauka mini daga gida. Kuma ka sani 'yata tana da mai nema, ɗan ƙasa na gaskiya."

Wannan ɗan ƙasa shi ne Crisanto Ylagan, mai gonakin rake da baki kamar zuma. A shekarar ne aka buɗe wa Filipinawa zaɓen majalisar ƙasa karo na farko, shi da Istoy kuma suka tsaya takarar kujera ɗaya. Istoy na cewa a gina makarantu da kotuna, a karɓi mulki da ƙarfin da za a iya riƙe shi. Crisanto kuwa sai ya hau teburi ya yi ihu, "'Yanci yanzu! Ko za ku zaɓi karen farautar Amurka?"

Crisanto ya ci zaɓe da rata mai yawa. Don murna, Don Anastacio ya buɗe akwatin da bai taɓa buɗe wa kowa ba, ya ciro tutar juyin juya hali da Nanding ya ɗauka a fagen yaƙi, mai rana da taurari, da tabon jini a gefe ɗaya. Ya ara wa Crisanto a zagaya gari da ita.

"Itay, kada ka ba shi," Celing ta roƙi mahaifinta. "Ita kaɗai ta rage mana daga yayana, Kuya Nanding."

"Mijinki na gobe ne. Wa ya fi shi cancanta?"

Makonni kaɗan bayan haka doka ta fito daga Manila: duk wanda ya kafa wannan tuta a bainar jama'a, kurkuku ne. Crisanto bai mayar da ita ba. Ranar walimar nasararsa, da giya ta hau masa kai, ya rataye ta a barandar benensa, aka gasa alade ana kiɗa a ƙasa. Da 'yan sanda suka zo sai giyar ta sake shi. Ya ce tutar ba tasa ba ce, Don Anastacio ne ya kawo ta ya rataye da hannunsa.

Aka kama tsohon a gaban coci, da sandarsa da komai. Kafin yamma Crisanto ya baza a gari cewa Istoy ne ya kai tsegumi, don haushin kayen zaɓe da na mace.

Celing ta sami Istoy a ofishinsa na majalisar lardi. Ba ta yi sallama ba.

"Kai ne?"

Ya miƙe a hankali. "Ke ma kina tambayata?"

"Kai kaɗai ne a garin nan kake shan shayi da su. Itay yana da ciwon zuciya, Istoy! In ya mutu a ɗakin nan kamar Kuya..."

"Celing, dube ni."

"Na gaji da dubanka. Kai ne fa ka iya juya magana ta yi daɗi."

Ta fita. Saƙon da ya aika ta hannun Tiya Ambrosia ya dawo masa ba a buɗe ba.

Washegari gwamnan lardi ya kira shi. Ya ce ya ji Istoy na shirin tsaya wa fursunan, kuma ya tuna masa cewa ana shirin ba shi babban muƙami a ɗakin karatu na Manila, inda za a buga masa littafinsa. Wanda ya kare wannan tuta a kotu, in ji gwamna, ya manta da Manila, ya manta da kujerar da yake kai.

Istoy ya daɗe yana kallon tagar. Shekaru yake mafarkin littafin nan. Sannan ya ajiye makullin ofis a kan teburi ya ɗauki hularsa.

A ɗakin da ake tsare da shi, Don Anastacio ya juya masa baya.

"Gara in ruɓe a nan da in fita ta hannunka. Kuma idan alƙali ya tambaye ni, zan ce tutar tawa ce. Ba zan musanta ɗana ba."

"Ka faɗa, Don Anastacio. Ka faɗa da ƙarfi ma. Ni dai ka bar mini sauran."

Ranar shari'a kotu ta cika har taga. Celing na zaune kusa da Tiya Ambrosia, ta matse carbinta har yatsunta sun yi fari. Alƙali Ba'amurke ya tambayi tsohon ko ya san tutar da ke kan teburi.

"Tawa ce," in ji Don Anastacio. "Ɗana ne ya ɗauke ta. Wannan jininsa ne."

Celing ta rufe ido, ta ɗauka an gama.

Istoy ya miƙe. Ya ce doka ba ta hana uba ajiye kayan ɗansa a akwati ba, kafawa ta hana. Sai ya kira Crisanto.

"Mai girma ɗan majalisa, ka ce tsohon nan ne ya hau barandarka?"

"Shi ne."

"Benenka hawa nawa ne?"

"Biyu."

"Matakalar katako mai tsayi, wadda ko ni sai na riƙe igiya. Don Anastacio, ko za ka taka mana zuwa ƙofa?"

Tsohon ya tashi da ƙyar, yana jan ƙafar da ta shanye tun bara. Wata mai sayar da kifi ta yi ihu daga baya, "Wannan ne ya hau bene? To ni ma na haifi Paparoma!" Dariya ta ɓarke, alƙali na buga teburi.

"Garin nan duka ya ci aladenka a ranar," in ji Istoy. "In fara kiran su ɗaya bayan ɗaya, su faɗi wanda suka gani yana ɗaure igiyar tutar yana waƙa?"

Crisanto ya goge goshi. Ya ce wataƙila ya manta, ranar an sha da yawa.

Sai Istoy ya juya ga sajan da ya yi kamun. "Wa ya kawo muku labari?"

"Labarin me? Daga ƙofar ofishinmu muke hango tutar tana kaɗawa."

Celing ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Alƙali ya sallami Don Anastacio, ya ce a tsare Crisanto, amma tutar ta zama ta gwamnati. Tsohon ya tsaya yana kallo ana naɗe ta, hawaye na bin gemunsa. Istoy ya nemi alfarma ɗaya: a bar uban ya taɓa ta kafin a tafi da ita. Alƙali ya kau da kai gefe. Don Anastacio ya ɗora tafinsa a kan tabon, ya daɗe bai ɗauke ba.

A waje Celing ta biyo Istoy da gudu, mayafinta na zamewa.

"Tiya ta gaya mini ka ajiye aikinka. Da Manila, da littafin."

"Littafi ba ya ruɓewa. Zai jira."

"Na zarge ka, Istoy. Na dubi idonka na zarge ka."

"Ya yi mini ciwo, ba zan gyara miki wannan ba." Ya ɗan yi murmushi. "Amma da kin san yadda na riƙa leƙen bencinku ina magana, da kin tausaya mini."

Ta yi dariya cikin kuka. "To yanzu ba ka da ofis, ba ka da kujera. Da me za ka riƙe ni?"

"Da shari'ar iyakar gona da ta satar kaji. Sai kuma albashin malama."

Don Anastacio bai sauko nan take ba. Ya yi makonni ba ya ambaton sunan Istoy. Rannan a kan abincin rana ya ture farantinsa ya ce wa ƙanwarsa, "Ambrosia, wannan lauyan ba shi da manya ne? Ko so yake ni in je in roƙe shi?"

Lahadin da ta biyo Istoy ya hau matakalar tare da kawunsa da innarsa, ɗauke da tukwanen adobo, wato daffafen nama, da wainar shinkafa. Aka ci, aka yi ciniki a kan rana, Tiya Ambrosia na kuka tana ƙara wa kowa miya.

An ɗaura auren a cocin San Roque bayan girbi. Padre, limamin cocin, ya lulluɓe su da farin mayafi, aka zagaya igiyar aure a kafaɗunsu, ƙararrawa na bugawa. Waɗanda suka yi wa Istoy ihu a lokacin zaɓe su ne a gaba wajen cin shinkafa, kuma su ɗin ne suka kai shi majalisa a zaɓen da ya biyo.

A ƙofar coci ango da amarya suka durƙusa gaban tsohon. Ya ɗora hannu ɗaya a kan Celing, ɗayan ya tsaya a iska na ɗan lokaci, sannan ya sauka a kan Istoy.

"Na binne ɗa ɗaya," in ji shi, "ban zaci zan sake kiran wani da sunan ba. Tashi, ɗana. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya nuna muku ƙasar nan a hannun 'ya'yanta, ko da ni ban gani ba."

Jama'a suka amsa da amin, Celing kuma ta riƙe hannun mijinta suka sauka cikin ruwan shinkafar da ake watsa musu.