Dattijon da Aka Bari a Benci

A ɗakin gaggawa suka fara ganin juna, wata Litinin a damunar 1976, a wani ƙaramin asibiti da ke gefen Birnin Kudu. Wata uku ke nan da dawowar Zuliha daga makarantar jinya a Kaduna, kuma har ta gaji.

Likita ɗaya ne, ya tafi Kano taro. Malam Gwadabe, babban ma'aikacin jinya, yana gindin darbejiya yana goge sabon babur ɗinsa. Mutum ya fi ashirin a kan benci, ga ƙuda, ga warin amai. Zuliha ce kaɗai ke bin layi tana tambaya. Wanda ta ga jikinsa ya tsananta, sai ta ja jan layi a katinsa a shiga da shi.

Ta iso kan wani dattijo da ke zaune a miƙe cikin wankakkiyar riga, wani saurayi dogo yana tsaye a kansa.

"Sannu, Baba. Yaya jikin?"

"Da sauƙi, 'yata. Alhamdu lillahi."

"Ina ke ciwo?"

"Ɗan ciki ne."

Saurayin ya ce, "Sista, tun asuba yake amai."

"Kowa a nan amai yake, Malam," in ji ta. Ta ɗaga kai suka haɗa ido, ta ji kunyar abin da ta faɗa. Duk da haka ba ta ja layin ba, ta wuce wurin wata mata mai ihu.

Sai bayan la'asar dattijon ya sulale ƙasa. Da aka ɗaga rigarsa aka ga gwaiwa ce, hanji ya sauko ya maƙale. Gwadabe ya leƙo ya ce, "Wannan sai Kano," ya koma waje. Motar asibiti ba mai. Zuliha ta fita titi da fararen kayanta ta tare wata babbar mota da ta sauke siminti. Ita ta riƙe kwalbar ƙarin ruwa a sama har Kano. Da hannunta ya gaji, saurayin ya tallafi gwiwar hannun.

Sunansa Badaru, malamin firamare a Gwaram. Mahaifinsa, Malam Maliki, ya rayu, amma an yanke masa wani sashe na hanji. Bai sake ɗaga fartanya ba.

Bayan sati uku direban bas ɗin Gwaram ya miƙa mata takarda.

"Sista Zuliha, Baba ya fara shan kunu. Ni ne ban warke ba. Jiya na rubuta sunanki a allo maimakon kwanan wata, yara suka yi ta dariya. Badaru."

Ta amsa a bayan wani tsohon kati: "Malamina, ba mu da maganin wannan, kamar yadda ba mu da na sauran. Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko."

Ya zo, ya kuma yi ta zuwa. A ƙofar gidan gwaggonta Hajjo suke hira. Yana kiranta Zuli, tana ce masa ya daina ɓata mata suna, amma in bai faɗa ba sai ta tambaye shi ko lafiya.

A gida kuwa rabin labarin ya ba mahaifiyarsa, Inna Kulu: yarinyar da ta tare mota. Ɗayan rabin Gwadabe ne ya kai. Ya taɓa neman Zuliha ta ƙi shi. Ranar kasuwar Gwaram ya je gidan a kan babur ɗinsa da sunan dubiya, ya ce ai da ba a bar Malam awa biyar a benci ba, da yanzu yana gona. Ya faɗi sunan wadda ta duba katin.

Takardar da ta biyo baya gajeriya ce.

"Zuli, Inna ta ce in na kawo ki gidan nan ba da yawunta ba. Ki bari in ce mata Gwadabe ne ya hana a shiga da Baba. Ai shi ma da laifinsa."

Ta karanta a tsaye, tsakanin wani da ƙaho ya soka da wata mai naƙuda. Ta rubuta: "Da laifinsa, amma ni na riƙe katin. Kada ka faɗa mata komai. Ina zuwa."

Budurwa ba ta zuwa gidan saurayi, amma kowa yana zuwa dubiya. Ta tafi da Gwaggo Hajjo da kwanon fura. Suka tarar da Malam Maliki a tsakar gida a kan tabarma, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Inna Kulu tana tsince wake, ba ta shimfiɗa musu komai ba.

"Ke ce?"

"Ni ce, Inna. Na tambaye shi, ya ce da sauƙi, na wuce. Ban taɓa cikinsa ba. Ya kamata in taɓa."

"To me ya kawo ki?"

"In faɗa da bakina."

Malam Maliki ya yi gyaran murya. "Kulu, yarinya sa'ar 'yata Hapsatu ta tsaya a kaina, ga yaron nan a bayana, ga jama'a. Me kike so in ce mata? In nuna mata wurin?"

"Ita aka kai makaranta, ba kai ba."

"Haka ne, Inna," in ji Zuliha. "Shekara bakwai ba na gida. A can in ka tambayi mutum yakan faɗa. Na manta mu ba haka muke ba. Yanzu dattijo in ya zo, bayan labule nake kai shi, in fitar da 'ya'yansa, in sa namiji ya tambaye shi."

"Wannan zai nome mana gonar?"

"A'a."

Gwaggo Hajjo ta gyara mayafi ta ce su kam za su koma kada bas ya wuce. Har sun kai bakin zaure, Inna Kulu ta ajiye faifai.

"Ke, zo nan."

Ta shige ɗaki, Zuliha ta bi ta. Tsohuwar ta saki labule, ta juya fuska ga bango, ta sassauta zani. Ta kama hannun Zuliha ta ɗora a ƙarƙashin hammatarta. Akwai ƙullutu, kamar ƙwan zabuwa.

"Tun yaushe?"

"Damuna biyu. Ko Malam bai sani ba."

"Yana ciwo?"

"Yana yi."

"Jibi likita yana nan. Ni zan shiga da ke, ni zan tsaya."

"Kada ki gaya wa yaron nan."

"Sai kin ce."

A Kano aka cire ƙullutun. Likitocin ba su yi alkawarin komai ba, suka ce ta riƙa dawowa duk wata uku.

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure a Birnin Kudu. Da aka kawo amarya Gwaram, Inna Kulu ba ta iya ɗaga hannun dama sosai, da hagu ta yaye mata lulluɓi. Badaru yana bakin ƙofa, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Shigo mana," in ji uwar. "Ga ta nan. Ta iya faɗin gaskiya, sai ka koya."

Ta dafa kan Zuliha. "Allah ya ba ku zaman lafiya, 'yata. Allah ya ba ki ƙarfin ƙafa a aikinki."

Mata suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa.