Atrar Hajja Sauda

A shekarar da yaƙi ya sa 'yan Khartum suka cika Gadarif, Ilaf ta shiga ɗakin binciken shuke-shuke da ganye ɗaya a hannunta. Tijjani, ɗan garin Mafaza mai kula da madubin ƙara girma, ya ɗago kai, ya manta abin da yake yi.

"Atrar babana ce, shukar nan mai ƙamshi," ta ce. "Ita kaɗai muka fito da ita daga gida. Tun da ya rasu ƙamshinta ke raguwa."

Ya yanka ganyen siriri, ya ce ta leƙa. Ta ga gashi tsaye cirko-cirko, amma kawunansu duk a fashe.

"Kowane gashi da 'yar jakar mai a kansa, can ƙamshin yake. Wa ke taɓa ta?"

Ilaf ta kawar da kai, ta yi masa sallama.

Daga nan saƙonni suka soma.

"Ya Atrata, yau na leƙa ganye goma, fuskarki nake gani."

"Ka je a duba maka ido, ya Ustaz."

Da maganar aure ta taso, mahaifiyarta Hajja Sauda ta ce atafau. "Mafaza? Bakin kogi, ga sauro, ga nisa? Na rasa miji, na rasa gida. Ke kina nan inda idona yake."

Ilaf ta yi kuka, ta daina amsa waya. Tijjani ya zaci ta haƙura da shi, har sai da saƙonta ya zo game da mahaifiyarta: "Kullum da safe Yumma ke goge ganyen da tsumma. Na kasa faɗa mata."

Ya aro madubin, ya yi sallama a gidan da la'asar. Ya ɗora sabon toho a gefe guda, gogaggen ganye a ɗaya.

Hajja ta leƙa tohon, jakunkuna cike suna ƙyalli. Ta leƙa ɗayan, duk a fashe. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Ƙura nake cire mata," ta ce a hankali.

"Na sani, ya Khala. Ruwa da rana kawai take so."

Ta dubi 'yarta da ta rame a bakin ƙofa, ta share ido da gefen mayafi.

"Ashe hannuna ne. Ka turo manyanka, ya waladi."

Bayan girbin riɗi aka ɗaura aure. Hajja ba ta bi motar amarya ba. A ƙofa ta tsaya, hannuwanta a sama.

"Allah ya raya min ku. Ku tafi, kafin in sake shawara."