Madam Ta Riga Ta Karɓi Makulli

Shekara tara wakilin kamfanin magani ya yi yana yawon garuruwa, babu abin dariyar da bai gani ba a otal. Har ɗaki an taɓa ba shi, ya tarar da wani ƙato yana sharar minshari a gadon. Shi ya sa da ya iso da daddare mai karɓar baƙi ya ce, "Yallaɓai, madam ta riga ta karɓi makulli," sai ya yi murmushi.

"Yau kuma matar wani kuka ba ni?"

Ya tarar da ƙofar a buɗe. Fanka ba ta juyawa, amma sanyi ya ratsa shi har ƙashi. Wata mace na zaune a bakin gado, ta ba shi baya, tana ninke rigarsa. Katifar ko lotsawa ba ta yi ba.

"Baban yara, ka rame," in ji ta a hankali. "Ba ka cin abinci a hanya."

Jakarsa ta suɓuce. Wata huɗu ke nan da aka binne mai wannan muryar, yana can wani gari wajen taro, wayarsa a kashe.