Batir a Cikin Kilishi

Na'urar naɗar murya ɗaya. Makirufo biyu. Batir na litiyam shida. Riguna uku. Ƙunshin kilishi.

Kayan da Henriette ta shigo da su filin jirgin Garoua ke nan, a hanyarta daga Mindif zuwa Yaoundé. Ba ta kai ga hawa jirgin ba. Masu lodi sun ga hayaƙi yana fita daga akwatinta a kan amalanke, saura taku goma ya shiga cikin jirgi. Suka jefo shi ƙasa, suka kashe wutar, aka kira 'yan sanda.

Sufeto Walid mutumin Kuseri ne, ba ya son dogon zance. Ya tsuguna ya tona ƙonannen akwatin da biro. Batir ɗaya yana tsakiyar kilishin, an naɗe su tare da takardar alminiyum. Ya kumbura ya fashe.

"Madam, kin san doka?"

"Na fi ka saninta, Shef. Batir ba ya shiga akwati, a jakar hannu yake tafiya. Shekara takwas ina wannan aiki."

Ta zazzage jakar a kan tebur. Batir biyar, kowanne an liƙe bakinsa da jan salatif, an rubuta masa lamba. Babu na huɗu.

"Kilishin fa?"

"Ni na saya."

"Wurin wa?"

"Bakin kasuwa."

"Mutum casa'in ne za su hau jirgin nan. In ke kika saya, ke kika naɗe, to ke za ki tsaya gaban alƙali."

 Walid ya sa aka tsare ta, ya fita.

A wajen ajiye motoci ya sami Jacques, mai tasin da ya kawo ta, yana goge gilashi da tsumma.

"Kun tsaya a kasuwa?"

"Kasuwa? Shef, ko fitsari ba ta bar ni na yi ba. Daga gidansu a unguwar Roumdé Adjia sai nan."

"To kilishi daga sama ya faɗo?"

"A'a, tsohuwar gidan ce, goggonta. Na tada mota ke nan ta fito da gudu, zani a hannu. Wai saƙo ne ga ɗanta a Yaoundé. Da hannunta ta tusa shi a akwati."

"Madam ba ta buɗe ba?"

Jacques ya dube shi kamar ya yi saɓo. "Shef, a Kuserinku ana buɗe saƙon goggo?"

Ba a buɗewa. Walid ma ya sha kai irinsa, kuma da an tambaye shi a filin jirgi ko wani ya ba shi kaya, a'a yake cewa. Saƙon dangi ba ya cikin lissafin kayan wani.

Ya ɗauki Henriette a motar ofis suka nufi gidan. Goggo Émilienne, yayar mahaifinta, tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Walid ya gaishe ta da Fulatanci.

"Jam na, Mama?"

"Jam, ɗana. Me ya dawo da ita?"

"Kilishinki. Ina kika same shi?"

"Yadda mai kilishi ya ba ni, haka na miƙa. Ban taɓa ba."

"Shekara biyar ina cin kilishin garin nan. A takardar siminti ake naɗe shi. Zan ga madafa?"

Bai jira amsa ba. A kan kantar madafar ya sami naɗin alminiyum, an yage bakinsa a karkace. Ya shafa ƙarƙashin kantar. Yatsansa ya fito da ɗan jan salatif mai lamba huɗu.

Ya ajiye shi a cikin faifan shinkafar.

"Me ya sa kika cire shi?"

Tsohuwar ta ce, "Rubutun Henriette ne a kai. Na ce kada a gane nata ne, a wulaƙanta ta."

"Cire shi ne ya tada wutar. Bakin batir ya taɓa alminiyum."

"Wuta?" Faifan ya suɓuce, shinkafa ta watse. "Ita Henriette ta faɗa jiya, in an ga batir a akwati ana ƙwace kayan. Na'urar kawai nake so su ƙwace!"

"Me ke ciki?"

Henriette ce ta amsa. "Waƙoƙin niƙa, Shef. Tsofaffin ƙauyenmu na naɗa, don rediyo."

"Ke turanci ya cinye miki kunne," in ji goggon. "Daɗin murya kika ji, ba ki ji magana ba. A kan dutsen niƙa mata suke faɗin abin da ba a faɗa. Waƙar nan da kike ta maimaitawa jiya, da ni take. Ta kama sunan wanda ya haifi ɗana, kuma ba mijina ba ne. Shekararsa arba'in da ɗaya, bai sani ba. Rediyon da za ki kai wa, shi yake saurara kullum a shagonsa."

"Goggo, da kin gaya mini!"

"Da wane baki?"

Walid ya ciro ankwa, ya dubi siraran hannayen tsohuwar, ya mayar aljihu.

"Mama, ɗauko mayafinki. Madam, ki je ki karɓi jakarki."

Tsohuwar ta ratsa ta cikin maƙwabta da suka taru a ƙofar gida, ba ta dubi kowa ba. Sai da ta zauna a bayan mota ta kama hannun rigarsa.

"Ɗana, duk za ka rubuta?"

Ya zare hannunta a hankali, ya tura mata bakin zaninta ciki, ya rufe ƙofar. Sannan ya sunkuya daidai taga.

"Wutar zan rubuta, ita za ki amsa. Waƙar ba za ta shiga rahotona ba."