Ɗan Kurket a Gonar Suruki

Saura kaɗan in bar labarin Yelwa a cikina, don har yau in na tuna shi sai jikina ya mutu.

"Don Allah kada ka je gayyar nan, Ƙasimu..."

Yelwa ce ke roƙonsa. A tsaye suke a soron gidansu da la'asar, shi ya jingina da bango ya dafe ƙugu, don zama ya gagare shi.

"Haba 'yar lelena, ɗan ciwon baya ne."

"Ɗan ciwo? Da bakinka ka ce min ƙashin ya tsage!"

Ƙasimu ɗan makarantar kwana ne a nan Wudil, shi ne gwanin jifa a wasan kurket da wani malaminsu Ba'indiye ya kawo. Sai ya sheƙo a guje, ya gantsare, ya murɗa baya, ya wurga jar ƙwallon nan mai tauri kamar dutse. Tun da aka ce za a zaɓi 'yan wasan jiha, safe da yamma yana fili. Da ciwo ya tsananta malamin ya kai shi asibiti. Likita ya ce ƙashin yaro bai gama ƙwari ba, yawan jifa ke tsaga shi, kuma maganinsa hutu. Ba sunkuyo, ba ɗaukar nauyi, sai bayan damina.

Ga shi jibi za a yi huɗa a gonar babanta, Malam Gwadabe. A gidansu kuwa, duk mai neman aure shi ke shiga gaba da garma ranar gayya.

"Ba ki ji abin da Labaran yake yaɗawa a kasuwa ba?" in ji Ƙasimu. "Wai ɗan boko mai farin wando ba ya iya ciyar da mace."

Labaran direban babbar mota ne mai ɗauko siminti daga Ikko. Ya daɗe yana yi wa Yelwa aiken turare tana mayarwa.

"Bar shi ya faɗa..."

"In ban je ba Baba zai ce gaskiya ya faɗa. Gara bayana ya karye da in rasa ki."

Ta shiga gida da hawaye, ta durƙusa gaban mahaifiyarta.

"Inna, ki gaya wa Baba ba shi da lafiya."

"Ke, rufe min baki! A ce tun ba a kai ki ba kina nema masa sauƙi? Babanki ya ji, ya ce ragon miji kika zaɓo."

Ita kuwa tun da ta girma ba ta taɓa kama sunan saurayi a gaban babanta ba. Sau biyu tana kai masa ruwan alwala, maganar ta zo baki, ta haɗiye.

Ranar gayya makaɗa suka saki ganga. Yelwa na gindin ɗorawa da ƙwaryar fura, idonta a kansa. Ƙasimu ya tuɓe riga ya shiga gaba, ya sunkuya ya kafa garma.

"Kai, ɗan boko! Ashe ka iya!" samari na ihu.

Ita kaɗai ta ga yadda yake cije leɓe.

"Ƙara wuta, mai kiɗa!" in ji Labaran daga inuwa. "Mu ga ƙarshen gwanin ƙwallo."

Ganga ta ƙara sauri. Ƙasimu ya ɗaga garma, ya murɗa, sai kawai ya kife a cikin ƙasa.

Ƙwaryar ta suɓuce daga hannunta.

"Ƙafata... ba na jin ƙafata!"

Ba ta iya zuwa kusa ba, ga babanta, ga dattawa. Tana tsaye hannu a ka aka ɗauke shi a kan ƙyaure, aka nufi bakin titi neman motar Kano.

Bayan kwanaki ƙanwarsa Talatu ta zo, idanunta jajur.

"Yaya ya ce in gaya miki, likitoci ba su san ko zai sake miƙewa ba. Kurket kam ya ƙare. Ya ce ya sauwaƙe miki, kada ki jira shi."

Ranar ko ruwa bai wuce maƙogwaron Yelwa ba.

Washegari da safe ta yafa mayafi ta fita soro. Malam Gwadabe na zaune da abokansa. Ta durƙusa.

"Baba..."

"Lafiya, Yelwa?"

"Ƙasimu..." Dattawan suka kalli juna. "Da tsagaggen baya ya shiga gonarka, don kada ka hana shi ni. Shi nake so, Baba, ko a kwance ne."

Tsohon ya daɗe yana kallon ƙasa, ya sa gefen rawani ya goge ido.

"Tashi ki dama masa kunu," ya ce a hankali. "Ki ce wa uwarki ta shirya, tare za mu je."

Ta miƙe ta shiga ta hura wuta.