Bakin Goran Malam Bunu

Kamila na tankaɗe a tsakar gida ta ji sallamar Abdulmannan a zaure, ta yar da rariya ta laɓe a bayan ƙyaure. Saurayinta ne. Shekara uku ya yi yana koyon zane a Zariya, ya dawo Haɗeja da difloma da ɗan girman kai. Mahaifinta Malam Bunu, masunci a Guri, ya ce ba zai ba mai wasa da fenti 'yarsa ba. Shi ne gogan ya zano tsohon yana su, ya kawo masa, wai don ya burge shi.

Malam Bunu ya daɗe yana kallon zanen. Fuskar tasa ce sak. Can ya nuna goran da masunci ke kifa ciki a kai yana iyo.

— Yaro, ina bakin goran nan?

— Ga shi a ƙasa, Baba, cikin ruwa.

— A ƙasa? Ashe nutsar da ni ka zo yi! Kifin kuma ina zan zuba?

Masuntan da ke gyaran taru a zauren suka tuntsire da dariya. Kunya ta lulluɓe Abdulmannan, ya fita ko takalmi bai saka daidai ba. Kamila ta yi ɗaki tana hawaye.

Da ya kira ta a waya, ba ta raga masa ba.

— Tsakani da Allah, ka taɓa zuwa bakin kogi?

— Hoton Baba kika turo min, sauran daga kaina na zana. Sori, Kamila.

— Sori me? Ko ido na kasa haɗawa da Baba!

Washegari ya hau acaɓa zuwa Guri da fensir da takarda. Wata biyar yana bin masunta, suna kiransa Mai Gora. Sau biyu ya kife a ruwa. Ya haɗiye tsokanar, ya ci gaba da kallo.

Ranar da ya kawo sabon zane, kansa na ƙasa. Malam Bunu ya kai yatsa cikin zanen, kan igiyar homa, ragar da yake kama kifi da ita.

— Wa ya nuna maka wannan ƙullin?

— Gani na yi, Baba.

— Ƙullin mahaifina ne. Ko 'ya'yan cikina ba su lura da shi ba.

Tsohon ya share ido da hannun riga.

— Turo magabatanka.

Da Abdulmannan ya yi zuciya ranar da aka yi masa dariya, da ya rasa Kamila. Kunyar ce ta kai shi kogi, haƙuri kuma ya koya masa abin da difloma ba ta koya masa ba, wato ya duba kafin ya zana.