Tsohuwar Ramin Ƙarshe

"Inna, don me in tsohuwar bakin tabki ta taka ciyawa, ciyawar ba ta kwanciya?"

Haka ƙaramar ɗiyata Nazira ta tambaye ni, da farin ƙwallo a hannunta, jiƙe sharkaf.

Wani Alhaji ne ya sayi bakin tabkinmu, bayan Gidan Sori, ya kewaye da waya, ya yi filin golf, wasan da ake buga ƙaramin ƙwallo ya faɗa rami. Mai zanen filin ya so ramin ƙarshe ya fuskanci ruwa, sai aka sare tsamiyar da kakanninmu ke zuba wa nono, aka haƙa shi a gurbinta. Baban Nazira ke ba ciyawar ruwa, can ta bi shi.

Na ƙwace ƙwallon, na mayar tabki. Da almuru na gama shara ke nan, sai na ji warin laka, da murya a bakin zaure kamar daga cikin tulu.

"Uwar Nazira, sun raba ni da gida. Ɗiyarki ta karɓi kyautata, wurinta zan zauna."

Na waiwaya. Nazira ta taho, ƙwallon na ɗiga a hannunta, kuma sawunta bai fito a rairayin da na share ba.

Wa zan kai wa ƙara? Don Allah, kada ki bari ɗanki ya karɓi komai a bakin ruwan nan.